Kwalkwali da Ƙwarya: Tarihin Ciyar da Sojan da Ya Ji Rauni a Ka

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Karin maganar manoma da makiyaya ce, amma ta dace ƙwarai da halin mutumin da ke kwance da rauni a ka. Tarihin yaƙe-yaƙe, namu da na Turawa, ya cika da sunayen sarakuna da ranakun da aka gwabza, yana kuma ƙidaya matattu. Abin da ba safai yake faɗa ba shi ne yadda aka yi da wanda aka ɗauko daga fagen fama da sauran numfashi, kansa a fashe: wa ya ba shi abinci, me aka ba shi, kuma bayan kwana nawa. Wannan maƙala za ta bi sawun tambayar a ƙasar Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, ta kuma leƙa asibitocin ƙetare, inda likitoci suka daɗe kafin su yarda cewa abinci yana cikin magungunan farko na raunin ƙwaƙwalwa.

Mayaƙan Adar da Gobir Tudu

Ƙasar duwatsu da ƙoramu da ta taso daga Keita, ta bi ta Buza, ta gangaro fadamar Tarka a Madawa, ta daɗe da sanin yaƙi. A wajejen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, kamar yadda masanin tarihi Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Daga baya Abzinawan Kel Gres suka sauko yankin Madawa, Lisawan suka kafu a wajen Keita da Tamaske, Gobirawa kuma suna Gobir Tudu. Ƙarni na 19 ya ga hare-hare da ramuwar gayya masu yawa tsakanin waɗannan al'ummomi da maƙwabtansu.

Makaman zamanin su ne takobi da mashi da kibiya da kulki, kuma kai ne wurin da saran mahayin doki ko raƙumi ya fi saurin samu. Don haka baraden sarki ke sa kwalkwali tare da lifidi ko sulke. Dakare kuwa, wanda yawanci talaka ne, garkuwar fata da layu kawai yake da su. Guzurin mayaƙi bai wuce abin da zai jure zafi da tafiya ba: gumba ko dunƙulen fura, kilishi, cuku, dabino. Idan aka dubi wannan guzuri da idon masanin abinci na yau, za a ga hatsi da nama da nono ne a haɗe, wato abin da ke ba da ƙarfi tare da abin da ke gina jiki.

Wanda ya ji rauni gida ake kai shi. Wanzami ya aske wurin ya wanke, maɗori ya duba ƙashi, malam ko boka ya ba da nasa taimako, sauran aikin kuma na mata ne. Al'adar jinya da ta iso gare mu ta ƙunshi hikima mai yawa: a yanka kaza ko ɗan akuya a yi wa majinyaci romo, a dama masa kunu da nono, ƴan dubiya su zo da ƙwarya a hannu. Amma akwai wani ɓangare nata mai haɗari, shi ne ɗura wa wanda ya suma ruwa ko kunu ko rubutu a baki. Mai dogon suma ba ya iya haɗiya yadda ya kamata. Abin da aka ɗura yakan bi hanyar iska ya faɗa huhu, bayan ƴan kwanaki zazzaɓi da ciwon huhu su ƙarasa abin da takobi bai ƙarasa ba.

Zamanin Faransa

A 1901 sojojin Faransa suka karya Kel Gres a Zangebe da Galma, kusa da Madawa. Daga nan bindiga ta maye gurbin takobi, kuma samarin ƙasar suka fara shiga rundunar baƙaƙen sojoji da Faransawa ke kira tirayar. Yaƙin Duniya na Farko ya zo daidai da babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da dama na ƙasar Hausa ake kira Kakalaba. Kimanin mutum 200,000 aka kwasa daga Afirka ta Yamma ta Faransa, kusan 30,000 ba su dawo ba. A 1919 aka mai da ɗaukar soja tilas ko da babu yaƙi. Masanin tarihi Myron Echenberg ya nuna a littafinsa na 1991 cewa likitocin da ke tantance samari sukan mai da mafi yawansu gida saboda rashin ƙoshin lafiya. Wasu samarin bakin iyaka kuma ba su jira tantancewar ba, suka tsallaka ƙasar Sakkwato.

A ramukan yaƙi na Faransa ɓarɓashin harsashin igwa ne ke fasa kawuna. A 1915 rundunar Faransa ta fito da hular ƙarfe mai suna Adrian, tirayar ma suka sa ta. A 1917 likitan Amurka Harvey Cushing, yana aiki kusa da fagen fama, ya rage mutuwar waɗanda ƙarfe ya huda musu ƙwaƙwalwa daga kusan 55 cikin ɗari zuwa kusan 29, ta hanyar tsabtace rauni da cire ɓarɓashi da rufe fata da wuri. Wannan babbar nasara ce, sai dai ta wuƙar tiyata ce. Abin da majinyaci zai ci bayan an ɗinke shi an bar wa masu jinya da ɗakin girki.

Wani abin lura shi ne, tun daga 1915 wani kamfanin Faransa ya ɗauki hoton tirayar yana murmushi da cokali a hannu, yana tallar Banania, garin koko da ayaba da hatsi da ake cewa yana ƙara ƙarfi. Fuskar sojan Afirka ta yi shekaru tana sayar da abinci a kantunan Turai. Shi kuwa sojan na gaske, wanda ya tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu ko Indoshin ko Aljeriya, ƙauyensu ya koma, ya dogara da rumbun danginsa da ɗan fanshon da ake ba shi. A watan Disamba na 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mulka, sai a 2011 aka daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa. A lokacin yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Ga tsohon sojan da rauni ya hana shi riƙe hauya, wannan doka ita ce ta yanke yawan naman da zai gani a miyarsa.

Abin da likitoci suka gano

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu, kuma ba ta da rumbun ajiya. A farkon shekarun 1930 wani masani a Glasgo ta ƙasar Sikotilan, David Cuthbertson, ya auna fitsarin mutanen da suka karye a ƙafa, ya tarar suna zubar da sinadarin naitirojin fiye da kima. Ma'anar wannan ita ce jikin da ya ji babban rauni yana narkar da tsokarsa don ya samu abin gyara. A 1942 ya bayyana cewa abin hawa biyu ne: da farko jiki yakan yi sanyi ya lafa, sa'an nan ya kama ci kamar wutar kara.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wani darasi. Bayan Japan ta kama Singafo a 1942, an tsare dubban sojojin Ingila da Ostareliya a sansanin Changi, ana ciyar da su farar shinkafa da aka cashe ta tas. Wasu suka fara ruɗewa, idanunsu na rawa, suna mantuwa, ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Likitoci biyu daga cikin fursunonin, Hugh de Wardener da Bernard Lennox, suka rubuta bayanin mutum 52, suka buga shi a 1947. Dalilin ciwon rashin bitamin B1 ne, wanda ke cikin dusar hatsi. Yunwa kaɗai, ashe, tana iya yi wa ƙwaƙwalwa lahani. A ƙarshen yaƙin kuma aka ga wani abin tsoro: fursunonin da suka daɗe da yunwa, da aka cika musu ciki farat ɗaya, wasunsu zuciya ta tsaya.

Duk da haka an ci gaba da jinkirta ciyar da mai raunin kai. Likitoci suna da hujjarsu: cikinsa ba ya saurin narkar da abinci, yana iya amai ya shaƙe, ana kuma tsoron ruwa mai yawa ya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Sai a yi ta ƙara masa ruwan gishiri da sukari ta jijiya har mako ɗaya ko fiye. A 1968 Stanley Dudrick a Filadelfiya ya nuna ana iya ciyar da mutum cikakken abinci ta jijiya. A 1983 likitocin Jami'ar Kentaki suka gwada wannan a kan mutum 38 masu mummunan raunin kai. Cikin 18 da aka jinkirta abincinsu, 8 suka rasu a kwana 18 na farko. Cikin 20 da aka ciyar da wuri, ba wanda ya rasu a wannan tsakani. Bincike na shekarun 1980 ya kuma nuna cewa mai irin wannan rauni, ko da yana kwance bai san inda yake ba, jikinsa na ƙona abinci kusan kashi 140 cikin ɗari na abin da mai lafiya ke ƙonawa a hutu.

A gefe guda magungunan da aka sa wa rai suka yi ta ba da kunya. Wani babban gwaji da aka buga a 2004, mai mutum fiye da 10,000 a ƙasashe da yawa, ya nuna cewa allurar kotizon da aka daɗe ana yi wa masu raunin kai tana ƙara mutuwa ne. A 2008 Roger Härtl da abokan aikinsa suka duba majinyata 797 a asibitoci 22 na jahar Niyok. Suka tarar wanda ba a ciyar ba cikin kwana 5 haɗarin mutuwarsa ya ninka biyu, wanda aka kai kwana 7 kuwa ya ninka huɗu.

Yaƙin Iraƙi da na Afganistan su suka sa hukumomin soja suka farga. Tun daga 2000 an samu sojojin Amurka fiye da 400,000 da raunin ƙwaƙwalwa, mafi yawansu mai sauƙi. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta nemi shawarar Cibiyar Likitanci ta Amurka, wadda ta fitar da rahoto a 2011 ƙarƙashin jagorancin John Erdman. Shawarar da kwamitin ya tsaya a kanta ita ce: a fara ciyar da mai mummunan rauni cikin awa 24, a ba shi fiye da rabin ƙarfin da jikinsa ke bukata, da furotin giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa, a ci gaba da haka mako biyu. Game da man kifi mai omega-3 da zink da kolin da kiriyatin, kwamitin ya ce akwai alamun amfani, amma sai an ƙara bincike. Wato bayan dogon nazari, abin da ya tabbata shi ne isasshen abinci a kan lokaci.

Nijar ta yau

Wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye. A tawayen 2007 zuwa 2009 nakiyoyin da ake binnewa a hanya sun yi ɓarna a arewa, har a watan Disamba na 2007 suka tashi a cikin garuruwan Tawa da Maraɗi. A ranar 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, arewacin jahar Tawa. An rasa sojoji 71 a Inatas a Disamba 2019, da 89 a Shinagodar a Janairu 2020. Bayan kowace irin wannan sanarwa akwai waɗanda suka ji rauni, kuma a rundunar akwai ƴaƴan Madawa da Buza da Keita. Fashewar nakiya tana girgiza ƙwaƙwalwa ko da fata ba ta tsage ba, mutum ya tashi da ƙafarsa, daga baya ciwon kai da mantuwa da saurin fushi da rashin barci su biyo.

Mafi yawan likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna Yamai, kimanin kilomita 500 daga Madawa. Kafin a isa can, wani kaso mai yawa na awa 24 ɗin da aka ambata ya tafi a hanya. A asibitocinmu kuma galibi dangi ne ke kawo abinci, kuma sau da yawa sukan ƙi yarda a zura wa ɗansu siririyar robar nan ta hanci zuwa ciki, suna ganin alamar ajali ce. Alhali ita ce hanyar da abinci zai kai ciki ba tare da ya faɗa huhu ba.

Abin mamaki, wannan yanki ya san robar fiye da wurare da yawa, kuma yunwa ce ta koya masa. A matsalar abinci ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Keita, daga baya ta yi shekaru tana aiki tare da asibitocin gundumomin Madawa da Buza. Ma'aikatan jinya na ƙasar suka ƙware a kan ciyar da yaron da ba ya iya haɗiya: a zura robar, a tabbatar ta shiga ciki, a fara da madara mai sauƙi ta F-75 kaɗan-kaɗan, a koma F-100, sa'an nan markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta Plumpy'Nut. Dubban iyaye mata sun ga ƴaƴansu sun tashi ta wannan hanya. Lissafin abincin babban mutum mai raunin kai daban yake, kuma likita ne zai tsara shi, don sukari da gishirin jininsa suna bukatar awo. Amma hannun da ya iya aikin yana nan a gundumomin uku.

Bayan an dawo gida

Sallama daga asibiti farkon doguwar jinya ce. Raunin kai yakan tafi da jin ƙamshi da ɗanɗano, sai mutum ya ƙi abinci ya rame. Wani hannunsa ya mutu, ba ya iya kai loma. Wani yana mance ya ci ko bai ci ba. Idan aka ɗauki ma'aunin da aka ambata a sama, mai nauyin kilo 70 yana bukatar furotin giram 70 zuwa 105 a yini. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, litar madarar shanu fiye da 30, giram 100 na busasshen wake fiye da 20, na gero kuma kusan 11. Fura da ruwa zalla ba za ta kai ba. Fura da nono, da wake, da ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale, da ƙwai ko hanta ko kifi idan an samu, za su kai. Duk kasuwar Buza ko Tamaske tana da waɗannan. Geron da ba a surfe shi tas ba ya fi riƙe bitamin B1, jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami kuma suna taimaka wa jiki ya sha zink da sinadarin ƙarfe. Wanda ke sarƙewa a zaunar da shi tsaye, a ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, don ruwa tsululu ya fi saurin ɓata hanya. Giya da ƙwayar taramol kuwa suna iya tayar masa da farfaɗiya.

Farfaɗiya ita ce jarrabawa mafi girma ga dangi. Binciken da aka buga a 1985 kan sojojin Amurka da ƙarfe ya huda wa kai a Biyetnam ya nuna fiye da rabinsu sun kamu da ita cikin shekara 15. A ƙasarmu har yanzu akwai masu ɗauka cewa iskoki ne, ko ana ɗaukarta ta miyau. Sai a ware wa mutum ƙwaryarsa da moɗarsa, a hana shi sa hannu a akushi tare da ƴan'uwa. Farfaɗiyar da ta biyo rauni tabo ne a ƙwaƙwalwa, ba ta yaɗuwa, kuma tana da magani a asibiti. Wanda aka ware yakan ci kaɗan, ya ci a makare, ya ci saura, kuma kaɗaici yana ƙara masa ciwo.

Kammalawa

A kowane zamani da muka duba, kariyar kai ta canja daga kwalkwali zuwa hular ƙarfe, tiyata ta ci gaba, amma mai riƙe da ludayi ba ta canja ba: uwa ce ko mata ko ƙanwa. Matan yankin nan sun riga sun nuna abin da za su iya. A aikin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin FAO da PAM, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu suka farfaɗo da fako, ana biyansu da abinci, lokacin da maza suka tafi bida. Abin da suke bukata a jinya shi ne bayani cikin harshensu da kuma abin sa wa a tukunya.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da rawar takawa. Na farko, a rubuta tarihin baka daga zawarawa da ƴaƴan mazan jiya tun suna raye, a tambaye su yadda aka yi jinyar waɗanda suka dawo da rauni. Na biyu, a sa ƙa'idoji uku cikin darasi da wasan kwaikwayo da shirin rediyon karkara: kada a ɗura wa sumamme komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti, kada a ƙi robar hanci idan likita ya nema, kada a raba ƙwarya da mai farfaɗiya. Na uku, ƙungiyoyi su mai da dubiyar sojan da ya ji rauni ta zama ta watanni, da tiyar wake da ƙwaryar nono a jere, domin ƴan dubiya sukan ɗauke ƙafa bayan mako biyu alhali ƙwaƙwalwa tana ɗaukar shekara ko fiye tana gyaruwa. Amfanin wannan bai tsaya ga soja ba. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi ba hular kwano a hanyar Madawa zuwa Buza, da yaron da ya faɗo daga amalanke, raunin ɗaya ne da na soja, kuma jinyar ɗaya ce.